Darbejiya ta kewaye ɗorawar gonarmu: in sare ko in bari?

Habibu Ɗorayi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma abin yana damuna ƙwarai. Muna da gonar gado a wajen Rano, akwai ɗorawa biyu da kanya ɗaya a ciki, tun kafin a haifi mahaifina suke nan. Na yi kusan shekara shida ban taka gonar ba, wani ɗan'uwanmu ne yake nomawa. Makon jiya na je, na tarar da gindin babbar ɗorawar ya zama kurmin darbejiya. Na fara ƙirgawa, da na wuce arba'in na daina. Wasu kamar yatsa, wasu sun kai kaurin cinya, uku daga ciki har sun ratsa rassan ɗorawar sun fito ta sama. Ɓangaren da suka rufe duk ya bushe, in ka kama reshe sai ya karye a hannunka. Ɗan'uwan nawa ya ce bana ko rabin buhun kalwa ba su samu ba, alhali da can mata uku sai su yini suna ɗebowa. Babu wanda ya shuka darbejiyar nan. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga in sare su gaba ɗaya, amma ina so in ji daga waɗanda suka fi ni sani.

Abba Fagge: Wa alaikumussalam. Malam Habibu, a wannan zafin da ake yi a Kano za ka ce za ka sare bishiya arba'in? Mu nan cikin gari inuwa muke nema ido rufe. Kowace shekara ana kiran mutane a dasa itatuwa saboda hamada, kai kuma Allah ya ba ka a kyauta. Ka bar su don Allah.

Hajiya Tabawa: Abba, ɗana, ka taɓa sayen kalwa kuwa? Ni sana'ata ke nan, daddawa, shekara talatin da wani abu. Da ƙauyukan nan na kusa ake kawo mana. Yanzu sai na je Dawanau na jira wadda aka ɗauko daga nesa, kuma da yawa daga cikin abokan sana'ata sun koma daddawar waken suya don kalwa ta gagare su. Darbejiya me za ta ba ni in sa a miya? Malam Habibu, ka ceci ɗorawarka.

Abba Fagge: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ban raina ɗorawa ba. Amma darbejiya ma tamu ce ai. Da ita muka tashi, a gindinta muka yi karatun allo, da ganyenta aka yi mana sirace in zazzaɓi ya kama mu.

Dakta Sa'idu: Abba, a nan ne gyaran yake. Darbejiya ba tamu ba ce ta asali. Gidanta ƙasar Indiya da maƙwabciyarta Bama, wato Myanmar. Zamanin Turawa aka shigo da ita Afirka ta Yamma, kuma a Najeriya an fara dasa ta a lardin Barno a 1928, daga nan ta bazu. Ba ta cika shekara ɗari a ƙasar nan ba tukuna. Ɗorawar da Malam Habibu yake magana a kai ba mamaki ta girme ta a ƙasar Hausa.

Abin da ya gani a gonarsu kuwa sananne ne. Tsuntsaye da jemagu suna shan 'ya'yan darbejiya idan sun nuna sun yi rawaya, sai su tashi su sauka a kan babbar bishiya mafi kusa, su yar da ƙwallon a nan. Shi ya sa za ka ga ba ta fiye tsirowa a tsakiyar fili ba, sai a gindin wata bishiyar ko jikin shinge. Tana jure inuwa tana ƙarama, tana da saurin girma, saiwarta tana nutsawa ƙasa sosai, sannan ga babban abin da ya ba ta galaba: ɗaci. Akuya za ta cinye tsiron ɗorawa da na kanya tas, ta tsallake darbejiya, sai fa in yunwar rani ta kai mata karo. To idan kowace damina 'ya'yan bishiyoyinmu suna ƙarewa a bakin dabbobi, nata kuma suna rayuwa, ka san inda za a kwana bayan shekara talatin.

Zainab Gwale: Dakta, Allah ya ƙara ilimi. Amma ina da tambaya. In dai baƙunta ce laifi, ai mangwaro ma daga Indiya yake, zogale haka. Masara, rogo, gyaɗa, tumatir, barkono, gwaiba, duk daga nahiyar Amurka aka kawo su. Dalar gyaɗar da Kano take alfahari da ita da baƙon iri aka gina ta. Ina za mu ja layi?

Dakta Sa'idu: Tambaya mai kyau, Zainab. Ba baƙunta ce laifi ba. Masara in ba ki shuka ba, ba za ta fito ta ƙwace gonar maƙwabcinki ba. Mangwaro yana tsayawa inda aka ajiye shi. Wanda ake magana a kai shi ne baƙon da yake yaɗuwa da kansa, ba mai ci, ba mai hana shi, har ya kori na gida. Darbejiya a bakin titin Zariya ko a harabar makaranta alheri ce, ban da ja. Darbejiya a gindin tsohuwar ɗorawa, ko a cikin dajin Falgore inda marke da maɗaci da taura suke, wannan wata magana ce daban.

Habibu Ɗorayi: Wannan bayanin ya shige ni. Kuma bari in faɗi abin da ya hana ni barci daren da na dawo. Ni a Ɗorayi nake zaune. Sunan unguwar kansa jam'in ɗorawa ne. Na zagaya a raina tun daga gidana har bakin titi, ban tuna ɗorawa ko ɗaya ba. Ku duba sunayen unguwannin garin nan: Kurna, Giginyu, Tsamiyar Boka, Ɗan Marke, Durumin Iya, Kasuwar Rimi. Kakanninmu da bishiya suke kwatance. Ɗana mai shekara tara na tambaye shi ko ya san kanya, ya ce a'a. Na nuna masa hoton ɗinya, ya ce zaitun ne. Wallahi abin ya taɓa ni. Ba na so gonar Rano ta zama kamar unguwarmu, suna ya rage, bishiya ta tafi.

Abba Fagge: Amma tsakani da Allah, darbejiya ce ta kashe ɗorawar Ɗorayi? Gine-gine ne da masu itacen girki da masu gawayi. Kada a ɗora wa bishiya laifin gatari.

Malam Garba mai ritaya: Abba ya faɗi gaskiya a nan, kuma ni da na yi aikin gandun daji shekara da shekaru zan ƙara masa. Gatari shi ne na farko, babu musu. Amma mu ma'aikata muna da namu kason. Bayan farin shekarun 1970, da aka tashi yin shingen itatuwa a arewacin jihar nan, irin na wajen Dambatta, me muka dasa? Darbejiya da turare, layi-layi. Dalilinmu ba na banza ba ne: su ne suke rayuwa in an dasa, su ne suke tashi da wuri manya su zo su gani. Wurin renon itatuwa in ka shiga, leda dubu za ka tarar, ɗari tara daga ciki waɗannan biyun ne. Manomi ya zo neman ɗorawa ko tsamiya mu ce babu. Sai da aka shiga farkon shekarun 1990, wata cuta ta riƙa busar da darbejiya a Jamhuriyar Nijar da arewacin Najeriya, ganye ya zube, kan bishiya ya rage 'yan tsiraru a ƙarshen reshe, sannan hankalinmu ya tashi. Muka ga ashe mun zuba ƙwanmu duka a kwando ɗaya. Da cutar ta yi ƙarfi fiye da haka, da garuruwa da yawa sun wayi gari babu inuwa ko ta tsayuwa.

Malam Habibu, ga shawarata. Ƙananan, ka jira ruwa ya sauka ƙasa ta yi laushi, ka sa yara su tuge su da saiwarsu. Kada a sare su da adda a bar gindin, don darbejiya in ka sare ta tofo take yi, ɗaya ta koma biyar. Masu kaurin nan, a sare su daf da ƙasa, a haƙe kututturen da diga in zai yiwu, amma a yi hattara kada a yanke saiwar ɗorawar. In bai haƙu ba, duk tofon da ya fito a karye shi yana ɗanye, wata-wata, har ta gaji. Ukun da suka ratsa sama, a sauke su gaɓa-gaɓa da igiya, kada a kayar da su gaba ɗaya su tafi da rassan ɗorawar. Kuma kafin ka ɗaga gatari ka sanar da mai unguwa da malamin daji na ƙaramar hukuma, ka nuna musu dalili. Itacen ba asara ba ne, gara ba ta fiye cin darbejiya ba, za ka samu azara da dirkoki.

Habibu Ɗorayi: Allah ya saka da alheri, Baba Garba. Ba zan iya sa musu wuta a gindi ba? Ɗan'uwana haka ya ce.

Malam Garba mai ritaya: Kul! Ɗorawar ce wutar za ta fara ci.

Sale Kura: Ku kuna ta bishiya, mu a nan ciyawar ruwan nan, kacala, ce ta sha mana kai. Duk wanda yake noman rani a Kura, Bunkure ko Garun Malam ya san abin da nake faɗa. Ta cika magudanan ruwa, wanda gonarsa take ƙarshen layi sai ya yi kwana da kwanaki yana jiran ruwa. Ka shiga da lauje ka yanke, bayan sati uku kamar ba ka yi ba. Ka ƙona da rani, damina ta fito ta fi da. Kan ta kamar zangarniyar gero, in ya bushe ya fashe sai ka ga iska tana ɗauke da wani abu kamar audugar rimi, duk iri ne. Ga jan-baki da suke kwana a ciki, da asuba su faɗo kan shinkafa kamar hadari. Yarana biyu aikinsu ke nan lokacin da shinkafa ta fara nuna, gwangwani da igiya tun safe har magariba. Dakta, ita kuma wace ƙasa ta aiko mana?

Dakta Sa'idu: Malam Sale, kacala lamarinta daban ne, shi ya sa nake son mutane su fahimci abin da kyau. Ciyawa ce da ake samu a ƙasashe masu zafi da yawa, ba ta da fitina in ruwa yana zuwa yana tafiya. Abin da ya ba ta sarauta shi ne mun canja halin kogi. Kafin a gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kogin Haɗeja yana cika ya yi ambaliya da damina, da rani ya janye har ƙasa ta tsage. Wannan bushewar ita take kashe kacala. Da aka koma sakin ruwa duk shekara, marar zurfi, mai tafiya a hankali, ga laka ga takin da yake gangarowa daga gonaki, sai ta samu abin da take so.

Ɗanlami Bahaɗeje: Mu ne muka sha kuɗar wannan. Ina kasuwanci a Kantin Kwari amma iyayena masunta ne. Akwai mashigar da ina yaro nake tuƙa kwalekwale a cikinta, yanzu ko kare ba zai ratsa ba. Ruwa ya rasa hanyarsa, sai ya karkata ya cinye gonakin wasu, wasu kuma can ƙasa wajen Gashuwa su rasa na ban-ruwa. Dausayin Haɗeja zuwa Nguru da tsuntsaye suke zuwa tun daga Turai su yi hunturu, wanda aka sa wani ɓangarensa a jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2000, wurare da yawa ya koma kacala zalla. Bado da muke ci, da burugu da shanu suke kiwo, duk sun ja baya. Ga sauro, ga tsargiya a jikin yara saboda dodon koɗin da yake maƙale a gindinta.

Abin da mutanenmu suka gano da aikin gayya shi ne: in za ka yanke ta, ka yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda ruwa zai rufe gindin. Ta cikin karan take shaƙar iska zuwa saiwa, in ruwa ya toshe shi sai ta ruɓe. Ka maimaita sau biyu ko uku. Aiki ne mai wuya, mutum yana cikin ruwa har ƙirji, ga matsattsaku, amma ya fi ƙonawa nesa ba kusa ba.

Sale Kura: Wannan dabarar zan gwada ta a babban magudanin da ke kusa da ni. A ƙananan ruwan ba ya kai zurfin da zai rufe.

Zainab Gwale: Na ji an ce a Senegal gawayi suke yi da ita.

Dakta Sa'idu: Haka ne, a kwarin kogin Senegal, inda ta mamaye bayan gina madatsar Diyama a 1986. Suna busar da ita, su ƙona ta ba tare da iska sosai ba, su dunƙule garin. In da za a yi haka a nan, da an rage wa marke da kirya bala'in masu gawayi. Sai dai a kula: ranar da abu ya zama hanyar kuɗi, wasu ba za su so ya ƙare ba.

Ummi Sharaɗa: To kainuwar da ta rufe kududdufan cikin gari fa, ita ma a cikin jerin take?

Dakta Sa'idu: Kainuwa ta daɗe a nan, har ta shiga karin magana, dashen Allah. Yawanta a kududdufi alama ce ta ƙazantar da ake zubawa. Wadda ake tsoro wata ce mai kama da ita, mai fure shuɗi-shuɗi da kumburarren kara kamar balan-balan. Daga Kudancin Amurka take, ta shigo ruwan Legas ta wajen Badagiri a 1984, ta kai har tafkin Kainji. Cikin kamar mako biyu takan ninka kanta. Furen yana da kyau, shi ya sa wasu suke ɗauka su sa a kwatamin ado a gida. Don Allah duk wanda yake da ita kada ya zubar a kwata ko a rafi, ya shanya ta a rana ta bushe ya ƙona.

Nura daga Nairobi: Ina bin muhawarar nan tun safe, bari in sa baki don abin da na gani a nan ya isa wa'azi. Akwai wata ƙaya da aka kawo daga nahiyar Amurka don yaƙi da hamada, masana suna ce mata furosofis, a nan Kenya ana kiranta mathenge. Da kyakkyawar niyya aka dasa ta a yankin Baringo. Yau ta rufe wuraren kiwo da hanyoyin zuwa ruwa, ƙayarta tana huda tayar mota, 'ya'yanta masu zaƙi suna lalata haƙoran awaki. A 2006 mutanen yankin sun kai gwamnati kotu, har da akuya marar haƙora suka je da ita shaida. A yankin Afar na Habasha ta cinye fiye da hekta miliyan ɗaya. Kuma tana nan a gefen tafkin Cadi da gabashin Nijar. Dabba ta ci 'ya'yan, ta kasayar da irin a wani gari, shi ke nan ta sauka. Ku tuna yawan dabbobin da ake saukewa a Wudil da Dambatta daga waɗancan wurare.

Jauro Bello: Na san ta. Na gan ta a hanyar Gaidam. Ba ta barin ciyawa a ƙarƙashinta ko ƙwaya, kuma in ta yi kurmi saniya ba ta shiga. Mu makiyaya ba mu da bishiya kamar gawo. Da rani shi yake da ganye da 'ya'ya lokacin da komai ya bushe, da damina ya zubar da ganye ya bar gero ya sha rana. A ce an bar wannan an je an ɗauko ƙaya daga wata duniya.

Malam Garba mai ritaya: Abin da zai ba ka mamaki, Jauro, 'yar'uwar kiryarmu ce ta nesa. Kirya ta ba mu turmi da taɓarya da gawayin maƙera, ba ta taɓa ƙwace gonar kowa ba.

Abba Fagge: To na ji, na kuma karɓi maganar gonar Malam Habibu. Amma ina nan a kan bakana game da cikin gari. Kada wani ya karanta wannan ya je ya sare darbejiyar ƙofar gidansu ya ce Dakta ne ya ce. Hadisi ya nuna duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba suka ci, sadaka ce gare shi. Tsofaffin da suka dasa mana waɗannan suna kabari suna samun lada.

Dakta Sa'idu: Ban ce a sare ta cikin gari ba, Abba, kuma ba zan ce ba. Ko a gona ma, wadda take kan iyaka ita kaɗai a bar ta, a dai riƙa tuge 'ya'yanta. Abin da nake roƙo shi ne idan za a yi sabon dashe, a makaranta ko maƙabarta ko masallaci, a cikin kowace goma a sa tsamiya, maɗaci, kanya, ɗinya, aduwa. Mutanen Maraɗi ma ba dashe suka fi dogara da shi ba. Tun shekarun 1980 suka koma barin tofon kututturen da ke cikin gona, su zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi su aske sauran. Da wannan aka farfaɗo da kusan hekta miliyan biyar a Nijar, mafi yawa gawo da kalgo da sabara da sauran na gida.

Hajiya Tabawa: Malam Habibu, in ka gyara gindin, ka nemi kalwar da ba a dafa ba ka shuka wasu a gefe. Ina da ita mai kyau, ta bana, zan ba ka gwangwani biyu ba ko sisi. Ka jiƙa ta a ruwan zafi ta kwana kafin ka sa a leda, ɓawonta tauri gare shi. Kuma ka yi musu kewaye da ƙaya, in ba haka ba awaki ka yi wa aiki. Kada ka zubar da ɓawon ɗorawar in ta yi 'ya'ya, makuba ce, masu ginin ƙasa har yanzu suna nema.

Habibu Ɗorayi: Na gode, Hajiya, Allah ya ƙara arziki. Zan turo yaro gobe bayan la'asar. Baba Garba, in da hali ina so ka raka ni ranar Asabar ka ga bishiyar da idonka kafin a taɓa komai, musamman ukun nan na sama, don ɗaya ta manne da babban reshe har sun goge juna ɓawo ya saluɓe. Zan zo in ɗauke ka bayan sallar asuba.

Malam Garba mai ritaya: Allah ya kai mu. Ka taho da igiya mai ƙarfi da zarto, ka kuma sa a nemo mai hawa wanda ya saba, ba yaro ba. Wurin da ɓawon ya saluɓe kada a shafa masa komai sai na gani.

Sale Kura: In kun dawo ta Kura ku tsaya ku ga magudanin nawa, yana bakin hanya.